Inda na kai a koyon gyaran kunnen kare

'Yan uwa masu koyon kiwon karen gadi, ga inda aka kwana a wajena game da kunne. Tun faɗuwar damina nake kan wannan darasi da karen gidanmu a unguwar Barnawa da ke Kaduna, kuma hannu ya fara faɗawa.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne kare ya yarda a taɓa masa kunne. Da farko ko magani ban ɗauko ba. In shafa kansa, in ɗaga kunnen in leƙa, in ba shi ɗan guntun nama, in tashi. Sai da ya daina kau da kai sannan na fara wankin. Bayan la'asar nake yi, da safar hannu da tsohuwar riga da na ware don haka, saboda maganar tsarki.

Wankin kansa ba wuya. Ramin kunnen kare gangarawa yake yi ƙasa, sannan ya karya kwana ya nufi ciki wajen dodon kunne. Shi ya sa auduga mai tsinke ba ta da wuri a nan: tura dauɗar take yi can bayan kwanar, kuma in karen ya fizge tana iya huda dodon. Ruwan wankin kunne nake sayowa a shagon magungunan dabbobi, in zuba, in murza gindin kunnen a hankali na wajen daƙiƙa 30 har in ji ruwan yana motsi a ciki. Sai in sake shi ya karkaɗa kai, in goge abin da ya fito da auduga a yatsa, iyakar inda yatsan ya tsaya. Ban da sifirit, zafi yake yi musu.

A ganina dubawa ta fi wankin muhimmanci. Kunne mai lafiya ba ya wari, cikinsa ba ja, kuma yawan wanke shi ma kan jawo ciwo. Duk mako nakan leƙa in shinshina, in ba komai in ƙyale shi. Amma in kun ga baƙar dauɗa mai kama da dakakken gawayi, ga susa ba dare ba rana, to yana iya zama ƙananan ƙwarin kunne ne. In akwai mugunya ko wari, ko kare yana karkata kai gefe guda, ku ajiye kwalbar ku nemi likitan dabbobi, domin zuba ruwa a kunnen da dodonsa ya fashe ɓarna ce. Abin da ya gagara a nan cikin gari, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Mu dai a Kaduna, da damina, rabin wahalar a waje take. Kaska na son lungunan kunne. Da hantsaki nake kama ta daf da fata in ja a miƙe, ba murɗawa. Sai ƙuda masu cizon bakin kunne har ya yi jini, wasu ƙudan kuma su biyo jinin. Maƙwabta da yawa sun ce in shafa baƙin mai. Kada ku yarda, guba ne, yana ƙona fata kuma kare zai lashe shi. Na wanke gyambon, na shafa man korar ƙuda da likita ya ba ni, na kuma riƙa kwashe kashi da ragowar abinci daga ɗakin karen kowace safiya. Bakin kunnen ya kame, gashi ya fara tsirowa.

Saura in ga yadda ƙurar hunturu za ta yi da shi. Masu karnuka masu faɗaɗɗen kunne, irin wanda ke rufe ramin, ku ƙara yawan leƙawa, don danshi ya fi zama a nasu.