Sifili ɗaya ya hana ni barci kwana uku

Jama'a sai da na kai ƙarfe ɗayan dare jiya kafin kwerin nan (umarnin da ake rubutawa don zaro bayanai daga tebur) ta fito daidai, wlh da na ga layuka sun zubo sai da na tashi na zaga ɗaki babu takalmi. Masu bibiyar aikin nan sun san databes ɗin (ma'ajiyar bayanai a kwamfuta) da nake haɗa wa ƙungiyar adashin 'yan layinmu a kasuwa, mutum 214, zubi duk sati, wanda da a littafi ake yi sannan wani yaro ya riƙa kwafewa a Excel. A XAMPP na fara shi (ƙunshin manhajoji mai zuwa da databes irin na MySQL), komai na tafiya lafiya lau, sai makon jiya na ce bari in kwashe kayana in koma wata manhajar databes, PostgreSQL (Postgres a taƙaice), tunda shi nake so in iya da gaske. To a nan ne asirina ya tonu.

Tebur biyu ne, mambobi da biya, kuma abin da ke haɗa su lambar waya ce (eh na sani, ku bari zan zo wurin). Kwerin da ta yi wata biyu tana aiki ba ƙorafi, ina manna ta sai ga jan rubutu:

ERROR: operator does not exist: character varying = bigint

A teburin mambobi lambar waya rubutu ce, a teburin biya kuma lamba ce. Kuma ni na jawo wa kaina da hannuna. Ranar da na fara shigo da fayil ɗin biya na sa kolum ɗin a INT (nau'in ajiye lamba), ya ƙi karɓa saboda INT ba ya wuce 2,147,483,647 ita kuwa lambar wayarmu ko an cire mata sifilin gaba tana kai biliyan bakwai, takwas, tara. Maimakon in tsaya in tambayi kaina wai yaushe aka taɓa tara lambar waya da wata lambar waya, sai kawai na mayar da shi BIGINT mai ɗaukar manyan lambobi, ya wuce, har ina jin ni wani gwani ne. Can a tsohon gida, wato XAMPP, ba a taɓa tona ni ba, don MySQL da ƙanwarsa MariaDB idan ka kwatanta rubutu da lamba su da kansu suke juya rubutun ya koma lamba su yi gaba abinsu. Shi kuwa Postgres dattijo ne mai tsantseni, tun fitowar 8.3 a 2008 ya daina irin wannan rufa-rufar, in ba ka faɗa masa da bakinka ba ba ya taɓawa.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, shi kansa a ƙasan saƙon ya ba ni shawarar in juya nau'in da kaina. Na sa b.waya::text, wato lambar wayar teburin biya ta koma rubutu. Jan rubutu ya ɓace, na yi hamdala, sai na duba sakamako, layi 6. Shida fa, cikin biya sama da dubu uku. Wannan ya fi erro ɗin ciwo don shi erro aƙalla yana yi maka ihu, wannan kuwa shiru ya yi ya miƙo min ƙarya da hannu biyu. Na yi kusan awa ina zargin JOIN ɗin da ke haɗa teburan biyu, na mayar LEFT, na dawo INNER, na goge na sake rubutawa, har sai da na ajiye layi ɗaya daga kowane tebur gefe da gefe na ƙura musu ido. Nan 0803, can 803. Sifilin gaba ya tafi tun a Excel, don da zarar ya ɗauki abu a matsayin lamba sai ya yar da sifilin, BIGINT kuma ba shi da inda zai ajiye shi. Shidan da suka fito ma waɗanda aka rubuta ba sifili ne tun asali a teburin mambobi, kuskure ya haɗu da ɗan'uwansa suka gaisa.

Sai na juya ta ɗaya gefen, m.waya::bigint, wai ai in aka mayar da duka biyun lamba sifili ba zai dame ni ba. Ga abin da ya fito, ban ƙara ko harafi ba:

invalid input syntax for type bigint: "babu waya"

Na yi dariya har da riƙe ciki duk da haushin da nake ji. Wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ba ta da waya, yaron da ke shigarwa ya rubuta gaskiyar abin da aka faɗa masa. A tsohon gida wannan "babu waya" sifili yake komawa shiru-shiru ba wanda ya sani. Da na tona sai ga sauran: masu tazara a tsakiya, masu ɗan layi, masu 234 a gaba, wani ma lamba biyu ya sa a gida ɗaya da "ko" a tsakani, ga waɗanda aka bari fanko. Shawarata ga wanda ya tsinci kansa a nan, kar ka yi ta gyara ɗaya-ɗaya kana jiran erro na gaba, fito da duk masu ɗauke da abin da ba lamba ba da WHERE waya !~ '^[0-9]+$' ka ga girman ɓarnar tukuna. Nawa 31 ne.

Dare na biyu na lpad ne, umarnin da ke yi wa rubutu ciko ta gaba har ya kai tsawon da ka ba shi. lpad(b.waya::text, 11, '0') ya dawo min da sifili, layuka suka haura sosai, na fara murna, amma jimillar kuɗi ta ƙi daidai da littafi. Ashe lpad ba ciko kaɗai yake yi ba, in abu ya fi tsawon da ka ba shi datse wutsiya yake yi ba sallama. Masu 234 a gaba lambobi 13 ne, sai ya cire biyun ƙarshe ya bar min wata halitta da ba ta kowa ba. A daren aka ɗauke wuta, na zuba wa janareta mai na dubu huɗu, data ma ta ƙare na sake saye, duk a kan aikin da ko sisi ba a biya ni.

Sai na koma regexp_replace(waya, '\D', '', 'g') ya share duk abin da ba lamba ba, in ɗauki goman ƙarshe da right in manna sifili a gaba. Wannan ya yi kyau ƙwarai, har sai da na ci karo da mutanenmu uku na Maraɗi. Lambar Nijar takwas ce, ka sa 227 a gaba ta zama 11 cif, dabarata ta yanke mata kai ta manna sifili ta fito 027 da sauransu, tsawonta daidai da ta gida, kallo ɗaya ba za ka gane ba. Abin da ya kama su shi ne sharaɗin da na sa cewa lambar Najeriya sai ta fara da 070, 080, 081, 090 ko 091. Daga nan na haƙura da sifilin gaba ɗaya, yanzu kowa da lambar ƙasarsa a gaba, 234 ko 227, kuma kolum ɗin text ne a duka teburan. Na yi pg_dump na ajiye kwafin databes kafin in sauya fasalin tebur da ALTER TABLE, sauran gyaran kuma cikin BEGIN na yi don in iya janyewa, sau biyu ROLLBACK mai soke gyara yana fitar da ni kunya.

Kolum ɗin kuɗi ma ya ɗan yi nasa, wasu an rubuta 5,000 da waƙafi, sum ya ce bai san rubutu ba, amma wannan minti goma ne, replace sannan numeric shikenan.

Da safe na kai wa ma'ajinmu laftof ɗin shago, yana karin kumallo da kunu. Ya zaro littafin nan mai baƙin bango da aka ɗaure da roba, ya liƙa tabarau a hanci, ya ce karanto yaro. Ina karanto jimillar kowane sati yana bi da yatsa, sati takwas a jere babu bambancin ko naira ɗaya. Na ce Baba ka ga kwamfuta ko, ya ce to ai littafina ma bai taɓa ɓatar da sifili ba. Ban da amsa, na yi shiru.

Saura layi 9 da ba su da mai su. Biyu na san na mutumin da ya canza layi ne bayan an sace masa waya, bakwai kuma sai na zauna da yaron da ya shigar. Wannan canza layin shi ya sa daren yau zan ba kowane mamba lambarsa ta id in daina haɗa tebur da waya kwata-kwata, tsohuwa mai daddawa ma ta samu tata, gidan wayarta ya zauna NULL, wato ba komai a ciki. Wanda ya taɓa sauya makullin haɗi a teburin da ya riga ya cika dan Allah ya faɗa min ko ya fi in ƙara sabon kolum in cika shi tukuna kafin in taɓa tsohon, don ba ni da kuɗin wani man janaretan a satin nan.