Ka zo da sassafe, kafin a tayar da injin

Duk wanda ya kira ni a waya ya ce yana son ganin mota a filina, amsata ɗaya ce: ka zo bayan sallar asuba, kada ka wuce bakwai da rabi. Wasu suna jin nauyin fitowa cikin sanyin Jos a wannan lokaci, musamman da hunturu, amma sanyin nan shi ne babban mashaidinka. Injin da ya kwana a waje ba ya iya ɓoye cutarsa. Idan ka zo da rana ka tarar an riga an ɗumama shi, ya yi laushi yana ta zuba kamar keken ɗinki, to ba ka ji komai ba tukuna.

Filina yana kan titin Zariya, kuma ƙarami ne, in ya cika maƙil mota tara yake ci. Mu huɗu ne: ni, da yara biyu masu wanki da kai mota gareji, da Baba mai gadi. Da wankin mota na fara a hannun maigidana, daga baya ya riƙa tura ni Kwatano ina tuƙo masa. Wannan hanya ta tsuke tun ranar 1 ga Janairu 2017, da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa. Sai kuma 2023 ta zo, aka cire tallafin fetur a watan Mayu, darajar naira ta zube a bayansa. Motar Beljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga ƙasar waje, ta fi ƙarfin yawancin masu zuwa wurina. Yanzu kusan duk cinikina na motocin hannu ne, waɗanda suka riga suka sha titunan ƙasar nan, kuma masu sayensu malaman makaranta ne, da ƙananan ma'aikata, da 'yan kasuwar Taminus da suka yi shekara biyu suna zubin adashi. Mai irin wannan kuɗin idan ya yi kuskure sau ɗaya, ba shi da na gyarawa. Shi ya sa nake ɗaukar lamarinsa da nauyi fiye da na Alhajin da zai canja mota baɗi.

Kwanakin baya wani malamin firamare daga Anguwan Rogo ya zo da ƙaninsa. Idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan wata baƙar Honda Accord, irin wadda ake kira EOD, mai kujerun fata, tana ta ƙyalli. Kuɗinsa ya kai daidai farashinta, ko sisi ba zai rage ba.

Na ce, "Malam, in ka biya wannan, da me za ka sa mata taya? Da me za ka juye baƙin mai, ka sabunta takardu, ka biya inshora?"

Ya ce, "Alhaji, ai Allah zai hore."

Na ce, "Zai hore, in sha Allahu. Amma zo ka ga wani abu."

Na durƙusa da shi gefen tayar gaba, na nuna masa lambobi huɗun da ke jikinta: 2317. Mako na 23 ke nan na shekarar 2017. Zanenta bai cinye ba, amma robar ta bushe ta fara tsagewa. Duka huɗun haka suke. Sannan EOD mota ce mai daɗin tuƙi, ba na musun haka, sai dai kowa a harkar nan ya san ƙafarta ta gaba tana son kulawa, in aka yi sakaci taya ta fita ana cikin tafiya. Wannan kuma mai silinda shida ce, ga shan mai, ga giyarta in ta lalace kuɗin gyaran ya isa ya kwantar da albashin wata da watanni. Motar tawa ce, riba zan ci in ya saya, amma na san bayan wata uku za ta zama kayan ado a ƙofar gidansa, ni kuma sunana ya ɓaci a unguwa guda.

Na ja shi bayan fili inda wata Pontiac Vibe take, fentinta ya koɗe, bamba ta baya da tabo. Ya yamutsa fuska. Na buɗe masa bonet na ce ya karanta abin da ke gabansa. Injin 1ZZ ne mai lita 1.8, irin wanda ke cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008 da kuma Matrix. Sunan jikinta ne kawai ba Toyota ba, shi ya sa take da ɗan sauƙi. Duk abin da injin nan ya nema, ka gangara Dilimi za ka samu, sabo ko na Beljiyam, kuma babu makaniken Farin Gada da bai san cikinsa ba. Ni a wurina tambayar farko ga mai ƙaramin kuɗi ita ce wannan: in ta lalace ranar Laraba, za ka samu kayanta a Jos kafin Juma'a, ko sai an aika Legas?

Washegari suka dawo da sassafe kamar yadda na ce. Kafin a taɓa makulli na sa Malam ya ɗora hannu a kan injin Vibe ɗin ya ji sanyinsa. Muka buɗe murfin baƙin mai muka duba ƙarƙashinsa. In ka ga wani abu kamar shayi mai madara ya manne a wurin, akwai yiwuwar ruwa yana haɗuwa da mai, gasket, wato shimfiɗar da ke raba su a cikin inji, ya tafi ke nan. Muka buɗe lagireto, tunda inji na sanyi ne, don da zafi ba a kusantar murfin nan. Sannan na ce ya murɗa makulli rabi ya tsaya, ya kalli fitilun gabansa. Dole fitilar inji da ta mai da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, wani ne ya cire ƙwanta ko ya liƙe ta, kuma ba don alheri ya yi ba. Ƙanin nasa na tura baya ya tsaya kusa da salansa. Ɗan farin tururi da safe a Jos ba komai ba ne, yana ɓacewa. Shuɗin hayaƙi shi ne mugun labari, injin yana shan baƙin mai, ringi na jiran ka. Muka sa giya a D, muka mayar R, muna sauraron ko za ta yi jinkiri ko ta buga. Daga nan muka hau hanya har Mista Ali, esi a kunne, ido a kan allurar zafi. Motar da ta fara zafi a nan, Hawan Kibo zai ƙarasa ta ran da aka taso daga Abuja da iyali da kaya.

Mitar da ke ƙirga nisan tafiyar mota kuwa ba na rantsuwa da ita, don ana mayar da ita baya. Robar birki da fatar sitiyari da kujerar direba sun fi ta gaskiya. Kuma motar Amurka da mil take ƙirga, mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ne. Ina yawo da ƙaramin maganaɗisu a aljihu, inda ya ƙi kama jikin ƙofa, foti ne, abin da ake toshe lotsewa da shi, aka cika bayan haɗari.

Akwai abin da ban taɓa tsallakewa ba, saboda na biya kuɗin koyonsa. Shekarata ta biyu da cin gashin kaina na sayi wata Camry a hannun wani dillali, tsaf da ita, sai ƙamshi take. Kusan rabin jarina na zuba. Bayan sati uku gilasai suka fara sauka da kansu, fitilu suna kamawa suna mutuwa, daga ƙarshe ƙwaƙwalwar motar ta ƙone. Da mai wayarin ya ɗaga kafet, sai ga busasshen laka da tsatsa har ƙarƙashin kujeru. Ambaliya ce ta cinye ta a can ƙasar waje, aka wanke aka turo. Na sayar da ita a faɗuwa bayan na gaya wa mai saye gaskiyar lamarin, kuma sai da na yi fiye da shekara kafin na miƙe. Tun daga ranar kowace mota sai na ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ina neman layin ruwa, na ɗaga kafet ɗin but, na sunkuya na shinshina. Turaren da ya yi yawa a cikin mota yana sa ni ƙara bincike.

Sai takardu. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, kuma wadda ke ƙasan gilashin gaba dole ta zama ita ce a jikin ƙofar direba, ita ce a takardar kwastan, ita ce a lasisin mota. Harafi ɗaya ya bambanta, a fasa. A tabbatar da biyan duti a ofishin kwastan, a ga mai motar ko wakilinsa ido da ido, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a tura kuɗi ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da na takarda. Araha ba ta da amfani ran da aka tsayar da kai a shinge aka ce motar ta sata ce.

Abu ɗaya yana ci mini tuwo a ƙwarya a sana'ar nan. Mai saye zai zo da makanikensa, makaniken ya zagayo ya raɗa mini, "Oga, nawa ne nawa a ciki?" In na hana, ya kushe lafiyayyar mota. In wani ya ba shi, ya yabi matacciya. Ba duka ne suke haka ba, akwai masu amana da yawa, amma ka biya makanikenka kuɗin dubawa daga aljihunka tun a gida, ka gaya masa hakkinsa ɗaya ne ko an saya ko ba a saya ba.

Malam ya ɗauki Vibe ɗin. Da abin da ya rage, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa, muka sa taya biyu sababbi a gaba, aka juye mai, aka canja fulogi da takalmin birki, aka mayar da tamostat ɗin da wani ya cire, aka yi canjin suna da inshora. Fentin ya ce sai bayan sallah. Ranar Juma'ar da ta wuce na hango ta a bakin Babban Masallaci, da tabonta a bamba, yara uku a baya suna leƙe ta taga.