Ciwon da ba ya fita a gwaji

A shekarata ta farko ina aikin jinya a wani sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, Allah kaɗai Ya san yawan farasitamol ɗin da na raba. Lokacin Gwoza da Bama sun faɗa hannun Boko Haram a 2014, jama'a sun kwararo cikin gari. Duk wanda ya zauna gabana kukansa kusan ɗaya ne: kai na sara, jiki ya mutu, gaba na faɗuwa, barci ya ƙaurace. In auna jini, in duba zazzaɓin cizon sauro, in ba da magani. Mako biyu sai ga mutum ya dawo jiya i yau.

Wata dattijuwa 'yar Gwoza ce ta farkar da ni. A zuwanta na huɗu na ce, "Iya, yau ma kan ne?" Ta ce, "'Yar nan, kan ne, amma ba daga nan abin ya taso ba." Sai na ajiye biro. Ashe tun daren da suka hau dutse a guje ba ta ƙara yin barcin kirki ba. Ko kwano ya faɗi sai ta zabura, zufa ta karyo mata.

An koya mana a makaranta cewa idan mutum ya razana, wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda kan sako sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, don a samu a tsira. Na haddace wannan saboda jarrabawa. A gaban Iya na gane cewa jiki na iya kasa sauka daga wannan hali wata da watanni. Hatsarin ya wuce, shi kuwa yana nan a tsaye yana gadi, har ya gaji tilis.

Daga baya na samu horo kan tsarin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato hanyar taimaka wa masu damuwa ta hira, zama biyar, ɗaya kowane mako. Ana koya wa mutum jan numfashi a hankali, da ɗaukar matsala guda a warware ta, da komawa 'yan hidimomin yau da kullum, da shiga cikin mutane. Ba a matsa wa kowa ya tono abin da ya gani. Da farko na raina shi, gani nake bai kai magani ba. Amma Iya ta fara zama da mata masu ɗinkin hula da hantsi, allura a hannu, ana hira, ga ɗan kuɗin cefane. Barci ya soma dawowa kaɗan-kaɗan.

Na kuma yi kuskure ta ɗaya ɓangaren, har yau yana ci min rai. Wata mai jego ta zo da kasala, na ce mata tunani ne. Ashe jininta ne ya yi ƙasa ƙwarai. Tun ranar ba na ambaton damuwa sai na duba ido da tafin hannu, na tambayi abin da aka ci jiya.

Na daina ɓata fuska idan aka ce min an je wurin malam ko fasto, domin addu'a na kwantar da zuciya, na gani da idona. Sai dai nakan tambayi abin da aka ba mutum ya sha. Wanda kuwa ke jin muryoyi ko yake maganar hallaka kansa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri nake tura shi ranar.

Ganina na ƙarshe da Iya, ta kawo min hula ta ce in kai wa maigidana. Na tambaye ta kan. Ta ce da sauƙi, sai dai in damina ta kama ana tsawa, takan kwana a zaune da carbi a hannu.