Fengjie, garin da Du Fu ya ɗaure jirginsa

Daga Chongqing muka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Fengjie, ni da wani abokin karatuna ɗan ƙasar Sin da ya dage sai na ga wurin kafin in bar ƙasarsu. Yawancin hanyar ta cikin duwatsun da aka huda ta bi; da ka hango ruwa can ƙasa, sai duhu ya sake rufe ka. Ƙarshen kaka ne, lemon da garin ya yi suna da shi ya soma nuna a jikin tsaunuka.

Baidicheng muka nufa, tsohuwar ganuwa da ke bakin kwazazzabon Qutang a kan kogin Yangtze. Da can a haɗe take da tudu, yanzu tsibiri ce, ta kan gada ake shiga. Akwai mutum-mutumin sarki Liu Bei a gadon ajalinsa a shekarar 223, amma ban daɗe a nan ba. Jama'a sun fi taruwa inda ake hango duwatsu biyu da suka matse kogin, kowa ya ɗaga takardar yuwan 10 yana gwadawa, don hoton wurin ne a bayanta.

Sha'irai biyu na Tang, tsohuwar daular ƙasar Sin, wato Li Bai da Du Fu, sun bi ta nan. Li Bai ya zo a 759 a hanyarsa ta zuwa inda aka kore shi, sai labarin afuwa ya riske shi, ya juya. Waƙar da ya yi layi huɗu ce, 'yan firamare ma sun haddace ta: birai na kuka a gaɓa, jirgi kuwa tuni ya wuce duwatsu dubu-dubu. Murna ce zalla, tana da daɗi, amma ba ita ta kama ni ba.

Du Fu ya iso a 766, jiki duk ciwo, bayan tawayen wani janar mai suna An Lushan da ya ɓarke a 755 ya raba shi da Chang'an, babban birnin daular. Bai cika shekara biyu a nan ba, amma ya bar waƙoƙi sama da 400. Abokina ya jingina da katanga ya rera mini ta farko cikin waƙoƙinsa takwas na kaka, yana yi yana bayani. Furen kaka ya sake buɗewa a idon Du Fu karo na biyu, ga shi har yanzu bai tafi ba. Jirginsa guda na ɗaure a gaɓa, zuciyar da ke son gida na ɗaure tare da shi. Ga kuma yamma ta yi, ko'ina a garin ana ta bugun tufafin sanyi da gaggawa. Wannan bugun ya shige ni, don na san amonsa a wurin masu bugu na Kano. Kowa na shirya wa iyalinsa kayan hunturu a gidansa, shi baƙo sai dai ya saurara.

A ganina ba nisan hanya ne kawai ke cin Du Fu ba. A waƙa ta huɗu ya ce ya ji labari Chang'an ta zama tamkar allon dara, gidajen manya duk sun samu sababbin masu su. Ko da an ba shi doki a ranar, birnin da yake bege ba ya nan. Zamanin ya tafi da shi. Shi ya sa a wata waƙarsa ta hawan tudu ta 767 ya jera ganyen da ke zuba ba iyaka da kogin da ke tahowa ba ƙarewa, kana ya ambaci kansa, mai furfura, shi kaɗai, ciwo ya hana shi ko da ƙoƙon giyar da zai rage baƙin ciki.

Da muka sauko, mun tsaya a ƙofar Yidou, ƙofar tsohon garin Fengjie, wadda ta samo sunanta daga baitin Du Fu inda yake cewa kullum da taurarin arewa yake gane inda babban birni yake. Ƙofar ma ba a mazauninta take ba. An kwashe duwatsunta an sake ginawa a kan tudu kafin babbar madatsar Sanxia da ke kan kogin Yangtze ta soma tara ruwa a 2003, ruwan da tsayinsa ya kai mita 175 sama da matakin teku ya kuma tashi mutum fiye da miliyan ɗaya. Wata dattijuwa mai sayar da lemo ta ɓare mana ɗaya da babban yatsanta. Abokina ya ce, "Inna, ina ne tsohon garin?" Ta nuna tsakiyar kogi da haɓa, ta ce layinsu na can ƙasa, ta ci gaba da ƙirga canji.

Washegari muka shiga jirgin ruwa zuwa Yichang, hanyar da Du Fu ya bi a 768 da niyyar komawa arewa. Bai kai ba, ya rasu a 770 a yankin Hunan. Sai a 813 jikansa ya samu halin kai ƙasusuwansa Henan, wurin kabarin kakanninsu.