Asabar a kan Dutsen Baima

Deqin, lardin Yunnan na ƙasar Sin. Watan Yuni ne, amma sanyin nan ya fi na tsakiyar hunturun gida. Ina idar da sallar asuba na jibga kayan sanyi muka kama hanya. Mota ta ajiye mu a sama da mita 4,000, daga nan sai sayyada. Taku kaɗan ka tsaya kana haki, kai na sara.

Duk wannan wahala saboda wani ɗan fure dangin lili, Fritillaria delavayi, da ke tsirowa cikin tsakuwar da ta zubo daga gangaren dutse. Muna cikin tafiya malaminmu ya ce, "Tsaya, akwai ɗaya gab da ƙafarka." Na duba, na sake dubawa, duwatsu kawai. Sai da ya ɗora yatsa na gan shi: ganye toka-toka, fure ɗaya tal ya sunkuyar da kai kamar amarya ranar kai ta ɗaki, launinsa sak na tsakuwar da ya fito ciki.

'Yar albasar da ke gindinsa ake nema. Sama da shekara 2,000 ana haƙarta a Sin don maganin tari, kuma sai an tara fiye da 3,500 kafin a samu kilo ɗaya busasshe. Ga shi sai tsiron ya shekara biyar yake fara fure. Binciken da masana tsirrai na birnin Kunming a Sin da Jami'ar Exeter ta Birtaniya suka fitar a 2020 ya nuna cewa inda ba a cika haƙa ba, kore shar yake fitowa; inda aka matsa masa, ya rikiɗe toka ko ruwan ƙasa. Wanda ido ya hango aka tumɓuke, wanda ya saje ya bar iri. Malam ya ce ba a ga alamar wata dabba na cinsa ba. Mu yake ɓoye wa.

Da muna saukowa muka yi kiciɓis da wata dattijuwa 'yar ƙabilar Tibet, da ɗan ƙarfen haƙa da jaka a kafaɗa. Ni dai ban iya ganin laifinta ba. Mai sayen maganin yana birni cikin ɗumi, ita ce ke rarrafe a tsakuwa.

A masauki aka ba mu shayi mai gishiri da man shanun yak, na shanye da ƙyar. Na tura wa Inna hoton tsiron da na ɗauka, ta aiko da saƙon murya: "To ina furen?"