Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗakin Awo

A makon jiya na tsaya ne a inda aka ɗauke ni daga kan injin feƙe ƙarfe aka mayar da ni ɗakin awo, a masana'antar nan ta Sabon Gari da ba zan ambaci sunanta ba. Aikina shi ne in auna duk abin da aka ƙera kafin ya fita, in sa hannu ko in mayar da shi. Baffa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana auna hatsi, yakan ce mudu bai san ɗan gida ba, kuma da wannan magana na shiga ɗakin.

Rigimata da foman ta samo asali ne daga sandunan injin niƙa masu kaurin milimita 50, waɗanda zanen aikin bai yarda su kauce da fiye da milimita 0.02 ba. Yaransa sukan ɗora maikiromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, a kan sanda tana fitowa daga inji da zafinta, su ga awo ya cika. Ni kuwa sai na bar ta ta kwana a kan tebur tare da ma'aunin, zafinsu ya zo ɗaya, domin ƙa'idar duniya ita ce awo a kan digiri 20 na Selsiyos, kuma ƙarfe mai tsawon mita guda yana ƙaruwa da kusan milimita 0.012 a kowane digiri. Sandar da ta fi ma'auni zafi da digiri 30, idan ta huce, ta tsuke ta cinye kusan dukkan sassaucin nan na milimita 0.02, boris ya riƙa rawa a jikinta.

Na mayar da su gaba ɗaya. Foman ya ce, "Malam, kai ne za ka biya kuɗin ƙarfen?" Daga baya ya kai ƙarata wurin maigida cewa ina tsayar da aiki, alhali shi ɗan ƙanwar maigidan ne, kuma mudu bai san ɗan gida ba. Shekaru bayan haka, a ɗaurin auren Yaya Babba a Tudun Wada, ya miƙo mini hannu kamar ba a yi komai ba. Na karɓa saboda idon mutane.

An hana ni ƙarin albashi a shekarar da aka yi rigimar, aka kuma sake feƙe sandunan da sabon ƙarfe bayan masu niƙa biyu daga Samaru sun dawo da waɗanda aka fitar ba da sa hannuna ba.