Wasiƙar da na ninke na sa a akwati

Daren Juma'a ina zaune kan tabarma a ƙofar gida, a ƙauyenmu na kusa da Auyo, ɗan ƙanwata ya zo gaisuwa. Wata uku ke nan da ya kammala digirinsa na uku a kan famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Na ce, "Dakta, ina maganar binciken bayan digiri?" Ya ce, "Kawu, sai na ɗan huta. Ga gini, ga aure." Yana magana yana latsa waya.

Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin haka.

Ni ƙasar noma na karanta a digirina na uku, yadda kanwa ke tasowa ta cinye gonakin rani. Wani farfesa a Jamus ya rubuto cewa zai karɓe ni idan na nemi tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt, wanda ake ba masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, na wata 6 zuwa 24. Sharaɗin shi ne kada digirin ya kai shekara 4. Na ninke wasiƙar na sa a akwatin ƙarfe.

Ba sakaci ba ne zalla. Baba na kwance da shanyewar ɓarin jiki, ni ne babba, wa zai riƙa kai shi Haɗeja? Ko yau aka dawo da ni, ba zan tsallake shi ba. Amma a shekara ta biyu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Sauran shekara biyun fa? Kwano na rufa wa gida, na sayi fili, maroƙa na kirana Dakta a wurin ɗaurin aure, kai ya kumbura. Ga kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: tsoro nake ji in je a gano na'urar da na cika kundina da sunanta sau ɗaya na taɓa ganinta. Daga baya na leƙa ɓangaren manyan masu bincike na tallafin, mai karɓar wanda digirinsa bai wuce shekara 12 ba, sai na tarar tarin maƙalu ake so. Biyu gare ni.

Na so in jera muku shawara goma, 'yan baya, amma wa zai karanta? Bidiyon minti ɗaya ma sai kun tsallake rabi.

Ku lissafa daga ranar da kuka kare kundi. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai shekara 8 ya yanka, cibiyar kimiyya ta TWAS da ke Italiya da asusun ilimi na TETFund na gida kowa da nasa sharaɗin. Ku nemo farfesan da zai karɓe ku kafin ku cike fom, ku karanta aikinsa, ban da wasiƙa ɗaya ga mutum hamsin. Ku tafi. To, in tsoho na kwance kada ku tafi. Ku dai tabbata shi ne ya riƙe ku, ba kwano ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko masa wasiƙar, gara ta cinye gefenta. Ya haska da fitilar waya, ya ɗauki hotonta, ya ce zai duba bayan an cire shinkafa.